Manuwal ko otomatik: tsohuwar fowil tsakanin yashi da laka

Duk wanda ya tashi sayen tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu, wato fowil, don hanyar ƙauye, abin da dillali ke fara tambayarsa shi ne manuwal yake so ko otomatik. Daga nan sai musu ya kaure a majalisa, wannan ya ce manuwal ba ta mutuwa, wancan ya ce zamanin taka kuloci ya wuce. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a motocin da suka fito daga wajen 1994 zuwa 2006, irin su Toyota RAV4, Honda CR-V, Lexus RX300, Highlander da Subaru Forester, giyabos ɗin da ka zaɓa kan yanke yadda ƙarfin inji zai isa tayoyin baya. Za ka ga mota biyu, suna ɗaya, shekara ɗaya, inji ɗaya, amma in ka leƙa ƙarƙashinsu kowacce da irin nata.

Tun da farko a raba su da Hilux da Land Cruiser. Waɗancan suna da ƙaramin sandan giya na biyu, da giyar ƙarfi ta ƙasa wadda ke sa mota ta riƙa rarrafe tana ja kamar takarkari. Waɗannan kuwa yawancinsu ba su da ita. An ƙera su ne don kwalta mai santsi da ƙanƙara a Turai da Amurka da Japan, mu kuma muka kawo su turɓayar Babura da Maigatari da lakar Auyo da Kirikasamma. Rashin wannan giyar ta ƙasa shi ne tushen kusan duk matsalar da za ta biyo baya. Aikin da ya kamata haƙoran ƙarfe su yi, a manuwal kuloci ne ke ɗaukarsa, a otomatik kuma mai ne. Kuloci in ya ƙone nan take za ka ji ƙauri a hanci. Mai kuwa a ɓoye yake ƙonewa, sai bayan watanni aljihunka ya ba ka labari.

RAV4 ta farko, wadda aka yi daga 1994 zuwa 2000 da injin 3S-FE mai lita 2, ita ce misalin da ya fi fito da bambancin fili. Mai fowil ɗinta tayoyi huɗu ke ja koyaushe, ta hanyar difaransha ta tsakiya, wato haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, su kuma bar kowane ɓangare ya juya da nasa saurin a kwana. Manuwal ɗin tana da maɓalli a dashbod an rubuta C.DIFF LOCK a kai. Da ka danna, gaba da baya sun zama ƙarfe ɗaya, ko tayoyin gaba sun nutse na baya ba za su daina turawa ba. Otomatik ɗin ba ta da wannan kulle na ƙarfe. Fayafayen kuloci ne a cikin mai, matsin mai ke haɗe su idan kwamfutar mota ta ga taya na sulɓewa. Yana aiki, amma bai kai kulle ba, kuma yana tsufa tare da man. Kullen manuwal ɗin da iskar da inji ke zuƙa yake shiga, ta wasu ƙananan tiyo na roba, kuma zafin ƙasarmu ya daɗe da busar da su a motoci da yawa. Idan ka danna fitilar ba ta kama ba, a fara duba tiyon kafin a taɓa giyabos. Kada kuma a bar shi a kulle a kan kwalta, zai ci taya ya ci haƙora.

Da RAV4 ta biyu ta zo, daga 2000 zuwa 2005, sai aka cire maɓallin, aka sa wa manuwal da otomatik abu iri ɗaya, wanda makanikai ke kira biskos. Gwangwani ne a rufe ruf, cike da siraran fayafayen ƙarfe da wani mai mai kauri kamar zuma. Idan gaba da baya na juyawa da sauri ɗaya, ba ruwansa. Idan ɗaya ya fi ɗaya gudu, man ya ɗau zafi, fayafayen su riƙe juna, ƙarfi ya koma ɓangaren da ke da riƙo. Ba a ƙara masa mai, ba a gyara shi, in ya mutu sai sauyi. Irin wannan ne a RX300 da Highlander ta 2001 zuwa 2003, waɗanda su dama babu manuwal ɗinsu. Giyabos ɗinsu U140F ne mai giya huɗu, dangin wanda ke cikin RAV4, alhali RX300 tana ɗauke da inji mai silinda shida, lita 3, da nauyin kusan tan 1.8. Shi ya sa sunanta ya ɓaci wajen cin giya. RAV4 otomatik ta 2001 zuwa 2003 ita ma tana da nata ciwon da aka sani: ƙwaƙwalwar injin ce ke lalacewa ta riƙa ba giya umarnin banza, mota ta riƙa dukan giya ko ta tashi a giya ta uku. Kamfanin Toyota da kansa ya tsawaita garantin wannan ɓangaren a Amurka. Wanda ya sauya giyabos bai gyara ƙwaƙwalwar ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi.

Subaru ba ta da yawa a Kano, kayanta ma sai an nema, amma mai ita ya kamata ya san cewa manuwal da otomatik ɗinta kusan motoci biyu ne daban. Manuwal tana raba ƙarfi rabi da rabi ta difaransha ta tsakiya da biskos, babu waya babu kwamfuta. Wasu 'yan Turai da injinsu ba shi da tabo (turbo) ma suna da ƙaramin sanda na giyar ƙasa kusa da birkin hannu. Ragin ba shi da yawa kamar na Hilux, amma yana hutar da kuloci sosai. Otomatik ɗin mai giya huɗu kuwa gaba ta fi ja, baya kuma kulocin da ke wutsiyar giyabos ke ba shi ƙarfi, wani solonoyid, wato ɗan bawul mai aiki da lantarki, na sarrafa matsin man. In man ya tsufa ko solonoyid ɗin ya gaza, sai kulocin ya maƙale, mota ta riƙa tsalle-tsalle a kwana kamar an ɗaure mata ƙafa.

CR-V ita ce ta fi sauƙin bayani, don a wajenta giyabos bai sauya komai ba. Gaba ke ja, baya na biye. A cikin aksil ɗin baya akwai famfo biyu na mai, ɗaya na bin saurin gaba ɗaya na bin na baya. Sai tayoyin gaba sun fara sulɓewa matsi ke taruwa ya haɗa kulocin baya. A yashi mai zurfi ma'anar haka ita ce gaba ta riga ta fara tona rami kafin baya ya kawo ɗauki, ko manuwal ce ko otomatik.

To mu shiga yashin. Wanda ya san hanyoyin arewacin Jigawa, wajen Sule Tankarkar da Birniwa da Gumel, ya san jihar ba a banza ta ci sunanta ba. A nan, in dai maganar tuƙi ce zalla, otomatik ta fi. Dalili kuwa shi ne yashi ba ya yafe tsayawa. Daƙiƙa ɗayan da mai manuwal zai taka kuloci ya sauya daga giya ta biyu zuwa ta ɗaya, ƙarfi ya yanke, yashi ya riƙe mota, sai tashi daga tsaye, wanda shi ne mafi wuya. Otomatik ba ta yanke ƙarfi. Tsakanin injinta da giya akwai kwanbata, wadda za ka iya kwatanta ta da fanka biyu suna fuskantar juna a cikin tukunyar mai, ɗaya na kaɗa man, man na kaɗa ɗayar. Tana barin inji ya ci gaba da juyawa ko taya na tafiya a hankali, har tana ninka ƙarfin kusan sau biyu a lokacin tashi. Taya na tashi a hankali ba tare da fizga ba, kuma fizga ce ke tona rami.

Sai dai wannan alherin da zafi ake biyansa. Duk sulɓin da ke tsakanin fankokin nan biyu zafi yake zama a cikin man. A kan kwalta in mota ta miƙe, kwanbata kan kulle kanta, zafi ya ragu. A yashi, ana tafiyar kilomita 15 ko 20 a awa da buhunan gero ko riɗi a baya, ba ta samun damar kullewa, kuma iskar da ke dukan lagireto kaɗan ce. Man giya ya fi son zama wajen digiri 80 zuwa 90. In ya haura 120 ya fara ƙonewa, robobin ciki su yi tauri, faiba, wato shafin da ke jikin fayafayen kulocin cikin giya, ta fara narkewa. Ka haɗa wannan da ranar Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a inuwa. Abin da ke sanyaya man a yawancin motocin nan wani ɗan bututu ne da ke kwance a cikin tankin lagireto. Saboda haka duk abin da ya sami lagireto ya sami giya. Mu kuma mun saba ɗura ruwan rijiya ko na burtsatse, tsatsa da gishiri su toshe hanyoyi, wani lokaci su huda bututun nan. Da ya huje, ruwa ya shiga man giya, man ya koma kalar madarar da aka ɗiga wa zoɓo. Gam ɗin da ya riƙe faiba ba ya jure ruwa. Motar da aka kama da wuri aka wanke tana iya tsira, wadda ta yi kwanaki a haka giyabos ɗinta ya tafi.

Maganin ba shi da tsada idan aka kwatanta da giyabos. A sa ƙaramin lagireto na mai a gaban babban, man ya fito daga na cikin tanki ya bi ta sabon kafin ya koma giya. A yi amfani da tiyon da aka yi don mai mai zafi, ba tiyon fetur ba, a ɗaure kowane baki da kilif biyu, a ƙara man da sabon lagireton ya shanye. A zuba kulan na gaskiya a lagireto. A riƙa wanke fuskarsa daga ƙaiƙayi da ƙurar hunturu. A yashi kuma a sauke sanda zuwa 2 ko L, kada a bar ta a D tana hawa tana sauka, don kowane sauyi faiba ce ke gogewa. Da kaya a kan kwalta, in ka ji tana kai da kawo tsakanin giya ta uku da ta huɗu, danna O/D OFF ta zauna a ta uku.

Mai manuwal nasa darasin ɗaya ne: ka zaɓi giyarka tun kafin ka shiga, yawanci ta biyu, ka sauke ƙafa daga kuloci gaba ɗaya, ka riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi. Rabin kuloci, wanda direbobi da yawa ke yi suna jin kamar dabara ce, shi ke gama faifai a yini ɗaya. In mota ta tsaya, kada ka ƙara wuta. Sauka ka yaye yashin gaban tayoyi, ka ja da baya a kan sawunka, ka sake ɗauko gudu. Abin da ya fi kowace giya amfani a nan shi ne rage iskar taya. Daga 30 ko 32 a gejin mai faci a sauke zuwa 18 ko 20, tafin tayar ya yi tsawo, ta hau kan yashi maimakon ta yanka shi. Amma da wannan iskar ba a gudu, ba a shan kwana da ƙarfi, kuma da an hau kwalta sai a nemi mai faci na farko ko a ciro famfo daga but.

Laka wani abu ne daban. A fadamar Haɗeja ko gonakin shinkafa na Kura da Kadawa cikin Agusta, matsalar santsi ce, kuma ƙarfi da yawa shi ke kayar da mota. Mai manuwal yana iya tashi da giya ta biyu. A otomatik ɗin Honda, sanda a kan 2 na nufin giya ta biyu tun daga tashi, wanda ya dace da laka. A Toyota kuwa 2 tana tashi ne da ta ɗaya sannan ta shiga ta biyu, sai dai RX300 tana da maɓallin SNOW da ke tashinta a ta biyu. An yi shi don ƙanƙara, mu kuma taɓo muke da shi. In ta kafe kana son girgiza ta gaba da baya, a otomatik sai tayoyi sun tsaya cak kafin ka matsa daga D zuwa R. Buga ribas taya na juyawa yana karya abin da ba a gyarawa a ƙauye.

Yanzu maganar mai, inda otomatik da yawa ke mutuwa ba tare da sun ga yashi ba. Jan launi rini ne kawai, ba shi ke nuna nau'i ba. U140F tana son T-IV. Honda ta wancan zamani tana son ATF-Z1, ko DW-1 da ya maye gurbinsa. Subaru mai giya huɗu ta shekarun farko Dexron III take sha. Kowanne an haɗa shi da irin santsin da faibar wannan giyar ke buƙata, in aka saɓa sai ka ji mota na karkarwa ko tana dukan giya. Man da ake aunawa daga jarka a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, araha ce wadda ba ta ado. Dukkan man da ke cikin irin waɗannan giyabos ya kai lita 8 zuwa 9 a Toyota da Subaru, na Honda bai kai haka ba, amma in ka kwance noti abin da ke fita lita 3 zuwa 4 ne, sauran na cikin kwanbata. Don haka sauyi ɗaya kusan kashi 40 cikin ɗari kawai ya sabunta. In man ya yi duhu, a zubar a cika, a yi tafiyar kwana biyu ko uku, a maimaita har sau uku, tsohon da zai rage kusan kashi ɗaya cikin biyar ne. A auna abin da ya fita a mayar da daidai shi. A irin hanyarmu, ni a ganina kada a wuce kilomita 40,000 ba a sauya ba, kuma mai motar Amurka ya tuna agogonsa mil yake ƙirgawa, wato mil 25,000.

Duba gejin ma kowace mota da tsarinta. Toyota da Subaru ana dubawa ne mota ta yi zafi, inji na aiki, sanda a P, a wuri mai lebur, bayan an bi da sandan ta kowace giya. Honda kuwa sai an kashe inji, a duba cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya duba Honda inji na kunne ko Toyota inji a kashe, ƙarya geji zai yi masa. Subaru otomatik tana da wani tarko: difaranshar gaba tana da nata man daban, GL-5 75W-90, da nata geji da nata noti, kusa da na jan mai. An sha zubar da ɗaya a cika ɗayan.

Manuwal ba ta da wannan tsirfar, amma ita ma ba komai take sha ba. Man giya mai lamba 140 na manyan motoci ya yi mata kauri, da sanyin safiyar hunturu giya ta biyu ba za ta shiga ba sai da ƙara. Subaru manuwal GL-5 75W-90 take so, wajen lita 3.5, don mai ɗaya ne da difaranshar gaba. Honda manuwal nata man na musamman ne, siriri, ƙasa da lita 2.

Akwai tukwane biyu da kowa ke mantawa, ko wace giya yake da ita: aksil ɗin baya, da taransifa, wato akwatin da ke tura ƙarfi zuwa baya, a motocin da take da nata man daban. Kowanne abin da yake ci bai fi lita ɗaya ba ko kusa da haka, don haka ɗan yoyo kaɗan ya isa ya busar da shi. A Toyota da Subaru man giya GL-5 ake zuba wa aksil. A CR-V kuwa haramun ne, sai man Honda da aka rubuta Dual Pump a jikin robarsa, don famfunan nan biyu da shi suke aiki. Gurnanin da CR-V ke yi daga baya in ana shan kwana a hankali, sau da yawa sauyin wannan man sau ɗaya ko biyu ke kashe shi. A saman aksil akwai ɗan ramin numfashi. Aksil mai zafi in ya faɗa ruwan kwari mai sanyi sai iskar cikinsa ta tsuke ya zuƙo ruwa. Bayan kowace damina a kwance noti a gani, in man ya koma kamar kunu a zubar. Kullum a fara kwance notin cikawa na sama kafin na zubarwa na ƙasa, kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi motsi, kana Guri, mai walda na Haɗeja.

Sai taya, wadda ta kashe biskos da kulocin tsakiya fiye da yashi da laka a haɗe. Al'adarmu ita ce in taya ɗaya ta fashe a sayo 'yar Beljiyam ɗaya, ko wane kamfani, in dai lambar ta yi kama. A mota mai jan gaba kawai ba laifi sosai. A fowil kuwa lissafi ne. Tayar 205/70R15 kewayenta kusan mita 2.1 ne, tana juyawa wajen sau 476 a kilomita ɗaya. In na gaba sun fi na baya da santimita 2 a kewaye, wanda shi ne bambancin sabuwa da wadda ta ci kusan rabi, a tafiyar kilomita 100 baya zai fi gaba juyi kusan sau 450. Abin da ke tsakiya shi zai shanye wannan bambancin, yana ɗaukar zafi tun daga gida har Dawanau. Subaru ta ce kada bambancin kewaye ya wuce wajen milimita 6. Gwajin ba ya buƙatar na'ura. A daidaita iska, a sa alamar alli a ƙasan kowace taya, a tura mota a miƙe a wuri mai lebur har taya ɗaya ta yi juyi goma, a duba sauran. In alamar wata ta kauce fiye da faɗin yatsu uku ko huɗu, ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Safaya ma a sa ta cikin lissafi.

Inda manuwal ta yi wa otomatik fintinkau shi ne ranar da abu ya lalace nesa da gari. Batir ya yi sanyi ko kik ya ƙi, matasa huɗu sun tura, giya ta biyu, ka saki kuloci, ta tashi. Sharaɗi ɗaya ne, batir ya kasance da ɗan sauran rai da zai kunna famfon fetur da ƙwaƙwalwa, in ya mutu murus turi ba ya tada mota mai injekta. Otomatik ba ta tashi da turi ko an tara gari, don famfon manta inji ke juya shi. Wannan famfon kuma shi ne dalilin da ja da igiya ke cutar ta, haƙora na juyawa ba mai shayar da su. Littafin Subaru ya ƙayyade kada a wuce gudun kilomita 30 a awa da nisan kilomita 50. Abin da ya fi muni ga kowace fowil shi ne janwe ya ɗaga ƙafafun gaba na baya na gudu a ƙasa. Ko dai a ɗora ta gaba ɗaya, ko a kwance farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksil ɗin baya, a sa mata alamar fenti don ta koma yadda take.

Gyara ma haka. Kuloci duk makanikin kirki a Ringim ko Wudil ko Kazaure zai sauya shi. Aikin ya fi na mota mai jan gaba wahala, don sai an sauke farfela da taransifa, saboda haka in an buɗe a sauya komai lokaci ɗaya: faifai, murfi, boris, da oyilsil ɗin bayan inji, a kuma duba fuskar fulawul ko ta tsage ko ta yi shuɗi. In feda ta faɗi ƙasa ba ta dawo ba, yawanci kulocin sama ne ko na ƙasa ke yoyo, ƙaramin aiki ne. Otomatik in ta lalace kuwa sai Kano, kuma mafi yawa ba gyara ake yi ba, 'yar Beljiyam ake saukewa daga Ƙofar Ruwa. Amma a nan akwai abin da ke juya lissafin: tunda motocin Amurka sun fi yawa kuma galibinsu otomatik ne, giyabos ɗin otomatik ya fi sauƙin samu. Manuwal mai fowil ba ya saurin mutuwa, amma ranar da ya mutu nemansa aiki ne.

Ni dai in za a tambaye ni, wanda ke zaune nesa da kwalta, yana ɗaukar kaya, kuma shi kaɗai ke tuƙa motarsa, manuwal ta fi masa, musamman RAV4 ta farko mai kulle in ya samu mai lafiya. Motar gida da hannu da yawa ke taɓawa, yau ɗa gobe ƙane, otomatik da ƙarin lagireton mai za ta fi daɗewa, don kuloci ba ya jure ƙafafu iri-iri. Bambancin shan fetur akwai shi, manuwal mai giya biyar ta ɗan fi sauƙi, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ba abin rainawa ba ne, amma bai kai kuɗin giyabos ɗaya ba.

Ranar saye, kafin ka saurari inji, kwanta ka leƙa. Ka tabbata farfela na nan daga giya har aksil, kuma shaf biyu na shiga tayoyin baya. Motoci da yawa suna ɗauke da tambarin fowil a but, alhali an daɗe da sa musu giyabos mai jan gaba. A Toyota harafin ƙarshe ke faɗa, U140F fowil ne, U140E gaba kawai. A Subaru otomatik buɗe bonet ka nemi gurbin fis da aka rubuta FWD. A lafiyayyar mota babu komai a ciki, an yi shi ne don lokacin da aka sa ƙaramar safaya. In ka tarar da fis, an kashe baya ne, watakila don a ɓoye maƙalewa. Cire shi ka gwada.

Gwajin kuwa a ƙasa mai tauri ake yi, bayan mota ta yi tafiyar minti ashirin ta yi zafi. Murɗa sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali dama sannan hagu ba tare da totur ba. Ya kamata ta tafi sumul. Tsalle, turjiya ko ƙarar taya na nufin tsakiya ya maƙale. Ƙas-ƙas daga gaba kuma shaf ne, robarsa ta yage yashi ya shiga. A otomatik, ƙafa a birki, matsa daga N zuwa D, ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya da ɗan kai, ribas cikin ɗaya da rabi. Ɗiga man a farar takarda ka shinshina. Man da ya yi sabo fil a motar da komai nata ya tsufa shi ma abin tambaya ne. A manuwal, sa giya ta huɗu a gudun kilomita 40 ka take totur har ƙasa, in ƙarar inji ta tashi mota ba ta bi ba faifai ya ƙare. In kuma giyabos za ka saya ba mota ba, ka je da lambar da ke jikin tsohon, don Subaru kaɗai tana da aksil mai 3.90 da 4.11 da 4.44, kuma in na gaba bai yi daidai da na baya ba, sabon zai fara cin kansa tun kafin ka fita daga Kano.